Haƙorin Emrys

Ƙarfe huɗu na asuba, ɗaki na bakwai.
Ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi,
tekun Aberystwyth na can yana tari cikin duhu.
Emrys ya sake buga kansa da bango.
Sau uku. Sau huɗu. Na bar ƙirgawa.

Shekararsa arba'in da shida,
kalmomin bakinsa ba su cika ashirin ba:
shayi, bas, a'a, gobe.
Fayil ɗinsa ya fi shi surutu,
ga kauri kamar bulo, amma bakinsa ɗaya:
"Halinsa ne."
Ni ma haka na rubuta ranar Talata,
da hannun nan nawa.

Na zaro makullin akwatin allura.
Sai ga takun Nerys Pritchard a baranda,
takalmin nan nata mai kukan ɓera.
Shugabar ma'aikatan jinya ce ta yankin kaf,
kamata ya yi a ce tana barci,
ko tana gaban kwamfuta tana kokawa da kasafi.
Ba ta dubi makullin ba. Ni ta duba.
Na mayar da shi aljihu.

Ta zauna a ƙasa, da ita da gwiwarta mai ciwo,
ta sa tafin hannu tsakanin goshinsa da bango.
Ya buga. Ta cije leɓe. Ya buga.
Na uku ya tsaya yana kallon hannun
kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

Minti ashirin ba ta ce uffan ba.
Can ta ce, "Ffion, yaushe ya daina cin tuffa?"
Ban sani ba.
"Ta wane gefe yake kwanciya yanzu?"
Ban lura ba.
"Shayinsa fa?"
Wannan kam na sani, sanin ya soke ni:
kwana tara ke nan sai ya huce sarai yake sha.

Ta ce, "Ba kansa yake duka ba, yarinya.
Ciwon yake nema ya kashe."

Da hantsi likita ya haska bakinsa.
Matauni ne, can ƙurya, ya ruɓe har saiwa.

Na jira faɗa, faɗa bai zo ba.
Haƙorin ta roƙa, aka sa mata a 'yar kwalba.
Ranar taron manya, masu jadawali da alƙaluma,
ta dire ta a tsakiyar tebur, kusa da biskit.
"Ga abin da muke ɗirka wa maganin barci," in ji ta.
Wani ya ture kofinsa gefe.
Ta nemi ƙarin nas biyu na dare.
Ɗaya suka ba ta, shi ma bayan wata biyar.
Ta karɓa, ba godiya,
ta koma ta sake rubuta takardar na biyun.

Amma a ɗakunanmu ta kafa doka:
kafin alƙalami ya rubuta "halinsa ne",
a duba kunne, a duba baki, a taɓa ciki,
a cire takalmi ko da tsakuwa,
a kira 'yar'uwarsa a ji ko wani ya rasu.
Wanda ba ya iya cewa "nan ne",
mu ne yatsansa.

Bara gwiwar ta ci ƙarfinta, ta ajiye aiki.
Makullan suna wuyana yanzu, sun fi yadda na zata nauyi.
Takardar nas na biyu tana nan, ina ta aikawa.

Jiya da dare Osian, sabon yaronmu,
ya zo da gudu: Delyth ta fasa faranti,
tana ta yagar rigarta, ko a kawo allura?
Na ji bakina ya buɗe da muryar da ba tawa ba.
Na nemi wuri a ƙasa.
Ashe daɓen nan haka yake da sanyi,
ba ta taɓa faɗa mana ba.

Emrys na bakin taga da safe,
yana jiran bas ɗin ƙarfe takwas ya wuce,
yana gatsar tuffa, ƙaras, ƙaras,
har ofis nake jiyo shi.